Akuyar Da Ta Ƙi Dogon Tsalle

Tun yana rarrafe mahaifiyarsa ta sa masa suna Guguwa, don bai taɓa zama wuri ɗaya har kujera ta yi ɗumi ba. Sunan ya bi shi har ya girma. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ya shiga koyon walda ya bari bayan wata huɗu, ya bi motar kaya wata shida, ya sayar da tabarau a bakin titi mako biyu. Yayarsa, wadda take ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, takan ce da ana ba da kofi a gasar fara abu, da babu wurin taka ƙafa a gidan nan.

Abu biyu ne kawai suka iya riƙe shi. Na farko shagon gyaran waya, na biyu kuwa akuya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da kantin magani. In mutum uku suka shiga, sai na huɗu ya tsaya a waje yana leƙe. Tebur ɗaya ne dogo, da fitila mai lanƙwasa wuya, da murfin gwangwani da ake zuba ƙananan kusoshi don kada su ɓace. Maigida, wanda ya ɗauke shi aiki shekara biyu da suka wuce, yana zama a gefen ƙofa da tabarau a kan karan hanci, Guguwa kuma yana can ciki kusa da fanka. A ƙarƙashin teburin akwai wani kwali da suke jefa fasassun sikirin ɗin da suka cire daga wayoyin mutane, sai ya cika mai sayen bola ya zo ya kwashe.

Akuyar kuwa ba mai cin dusa ba ce. A cikin waya take. Guguwa ya koyi haɗa wasan waya daga bidiyoyin koyarwa, a kan wata tsohuwar kwamfuta da mai ita ya kawo gyara ya ce a riƙe kawai, ba ta da sauran amfani. Wata goma sha ɗaya ya yi yana ƙwaƙular abin a lokacin cin abincin rana. Ya sa wa wasan suna Akuyar Maƙwabta. Akuya ce ta tsinke igiya, tana gudu a kan katangu, tana tsalle daga gida zuwa gida tana cinye kayan da aka shanya. Yaya ce ta zana ta a kan takardar yankan riga, da kunne ɗaya a karye da ido na rashin kunya. Kukan akuyar ma muryar Yaya ce, ya ɗauka ranar da take cikin raha, ta kuma yi rantsuwa cewa in ya gaya wa wani sai ta ɗinke masa baki.

Yana da wata hanyar aiki da yake taƙama da ita. Duk wayar da aka sa wa sabon sikirin, dole a gwada a ga ko'ina yana jin taɓi kafin a miƙa wa mai ita. Maigida yakan ja yatsa ne sama da ƙasa, hagu da dama. Guguwa kuwa sai ya nemi izinin mai waya, ya sa akuyarsa a ciki, ya buga har mataki na biyar. Jifa ɗaya tsuntsu biyu: ya gwada sikirin, ya gwada wasa. In mai wayar yana so a bar masa, in ba ya so a goge. Da haka ya gwada akuyar a waya fiye da ɗari biyu, manya da ƙanana, masu tsada da masu araha, kuma ko sau ɗaya ba ta ba shi kunya ba.

Shi ya sa da ya ɗora wasan inda jama'a suke saukewa, ya zauna yana jiran yabo kamar manomin da ya ga hadari ya haɗu.

Yabon ya zo, kaɗan. Wani ya rubuta cewa kunnen akuyar ya ba shi dariya. Wata ta ce 'yarta ba ta cin abinci sai an kunna mata kukan. Amma a ƙarƙashin waɗannan sai ƙorafi ya fara taruwa, kuma duk wuri ɗaya yake nunawa.

"Mataki na huɗu ba ya ciwuwa. Tauraro ɗaya."

"Wasa mai kyau har mataki na uku. Daga nan akuya ta daina jin magana."

"Wanda ya yi wannan ya taɓa buga shi kuwa?"

Wannan na ƙarshen ya fi ci masa rai. A mataki na huɗu ne katangu suke fara nisa da juna, don haka ya ƙara wani ɗan maɓalli na dogon tsalle, ya matse shi can a kusurwar ƙasa ta dama don kada ya tare wa mutum gani. Shi da idonsa a rufe yana wuce wurin. Amma tun da mutane sun ce da wuya, wasu ma suka ce a matso da katangu, ya danne zuciyarsa ya matso da katangun. Ƙorafin bai tsaya ba. Ya sake matso da su. Sai ga wani sabon sharhi: "Da wasa ne na manya, yanzu ya koma na 'yan raino." Masu cewa akuya ba ta jin magana kuma suna nan ba su fasa ba. Taurarin da jama'a suke ba wasan suka sauko zuwa biyu da rabi cikin biyar suka zauna.

Ranar Alhamis da yamma ya dawo gida ya tarar da Yaya a kan keken ɗinki, da allura biyu a bakinta, tana haɗa hannun wata riga mai ruwan toka. Ya zube a kan buhun ƙyallaye, ya miƙe ƙafa.

"Ɗaga min wannan ƙafar, ka take min zare," in ji ta.

Ya janye ƙafar. "Yaya, ranar Asabar zan cire ta."

"Wa?"

"Akuyar. Zan sauke ta gaba ɗaya, kowa ya huta."

Ta cire alluran daga baki ta soke a jikin matashin da ke ɗaure a wuyan keken. Ba ta dube shi ba. "To. Sai kuma me? Kiwon kifi ko tuƙin jirgi?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ina so in sani ne don in fara shirya wurin kofi."

"Mutanen nan ba su iya buga wasa ba ne kawai. Yatsunsu kamar taɓarya. Na sauƙaƙa sun ce da wuya, na ƙara sauƙaƙawa sun ce na yara ne. Waya ɗari biyu na gwada, Yaya. Ɗari biyu."

"Mutum nawa suka ce ba ta jin magana?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Talatin da wani abu."

"Duk sun haɗa baki ke nan? Sun yi taro a wani wuri sun ce bari mu ɓata wa Guguwa rai?" Ta juya rigar, ta daidaita ta a ƙarƙashin allura. "In mace ɗaya ta ce min riga ta matse ta a hammata, sai in ce ƙila ta ci ta ƙoshi ne. In uku suka faɗa, sai in ɗauko tef ɗina na awo in duba ko shi ne ya miƙe."

"Wannan ɗinki ne."

"Wanzami dai ba ya son jarfa. Kullum kana buɗe cikin wayar mutane kana ce musu sun yi sakaci, yau an taɓa taka akuyar ka kumbura kamar an zuba wa burodi ruwa."

Bai yi dariya ba. Ta taka keken ya yi ta ƙara na ɗan lokaci, sannan ta tsaya.

"Ka ga, ƙanina, ni ban damu da taurarinsu ba. Walda ka bari ban ce komai ba, mota ka bari na ce gara haka. Amma wannan kai ka yi ta da hannunka tun daga kofato har ƙaho. Kuma akwai muryata a ciki. In ka jefar da ita, ka jefar da ni ina kuka a bola."

"Asabar," ya ce, ya tashi ya shige ciki.

Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta fara leƙowa ƙarƙashin matakalar, sai ga Baba Mai Wanki ya shigo. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, shagonsa yana bayan layin, kuma ƙamshin sabulu da tururin guga ba sa rabuwa da shi. Wata uku da suka wuce Guguwa ya canja masa sikirin, ya kuma bar masa akuyar a ciki bisa roƙonsa, don ya ce yana so ya ga irin dabbar da take cin kayan shanya ba a kama ta.

Ya gaisa da Maigida, suka tambayi juna iyali da aiki, sannan ya ajiye waya a gaban Guguwa.

"Samari, ba ta shan caji sai na karkata mata igiya kamar mai ba jariri magani."

Guguwa ya ɗauka ya duba ramin caja da fitila. "Zaren tufafi ne ya cika ta, Baba. Minti biyar." Ya juya wayar, ya ga wani ɗan tsagi kamar gashin gira a kusurwar ƙasa. "Har ka sake yar da ita?"

"Daga kan teburin guga ta zame. Wannan ba komai, tana kira tana amsawa. Kada ka fara min lissafin sabon gilashi." Ya jawo kujera ya zauna, ya dafa gwiwa. "Amma ina da ƙara a kanka."

Maigida ya sauke tabarau. "Faɗi, Baba. Kotu tana zaune."

"Yaron nan ya ɓata min akuya. Da ina kaiwa mataki na tara. Na tara, da waɗannan yatsun." Ya ɗaga su, gajeru masu kauri, duk tabon ƙuna. "Jikokina har kallo suke zuwa yi. Yanzu kuwa tun da ya yi mata gyare-gyarensa, in ta zo na huɗu sai ta tsaya a bakin katanga ta faɗa kamar buhu. Na ce yi dogon tsalle, ta ƙi. Me ka ba ta ta ci?"

Guguwa ya ɓata rai. Ga shi har cikin shago an biyo shi. Ya ƙarasa ƙwaƙulo zaren da ɗan tsinke, ya hura, ya sa caja ta kama. Sannan ya ce, cikin ladabin da ya sha wuya kafin ya fito, "Baba, ban taɓa tsallenta ba. Sauƙi ma na ƙara. Kawo in nuna maka yadda ake yi."

Ya buɗe wasan. Akuya ta yi kuka da muryar Yaya. Mataki na ɗaya, na biyu, na uku, ya wuce su yana magana da Maigida ko kallon kirki bai yi ba. Aka zo na huɗu. Akuya ta cinye wata farar singileti, ta nufi bakin katanga da gudu. Ya danna ɗan maɓallin kusurwa.

Akuya ta faɗa kamar buhu.

Baba Mai Wanki ya gyara zama.

"Hannuna ne ya zame," in ji Guguwa.

Ya sake. Ta sake faɗawa. Ya goge yatsa a wando, ya goge sikirin da gefen riga, ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Akuya ta dube shi da idon nan nata na rashin kunya, ta tafi ƙasa.

"Ƙila yatsunka ne kamar taɓarya," in ji Maigida a hankali, don ya sha jin wannan maganar a bakinsa.

Baba Mai Wanki ya yi dariya har da tari.

Guguwa bai ji su ba. Ya fita daga wasan, ya buɗe wurin zane, ya ja yatsa daga saman sikirin zuwa ƙasa irin yadda Maigida yake yi. Layi ya biyo yatsan tiryan-tiryan, sai da ya kusa kusurwar dama ta ƙasa ya yanke. Wuri ne da bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa biyu ba, daidai ƙarƙashin tsagin nan. Ya mutu, ba ya jin taɓi. Mutum zai yi shekara yana kira yana amsawa bai sani ba, don babu abin da yake nema a wurin. Babu, sai maɓallin dogon tsalle.

Ya ajiye wayar a hankali. Ya dubi teburin, ya dubi sabbin sikirin da ke rataye a bango cikin ledojinsu. Waya ɗari biyu. Kowace ɗaya a cikinsu ya gwada ta ne minti biyar bayan ya manna mata sabon gilashi, tana sheƙi ko tabon yatsa babu. Bai taɓa buga akuyarsa a wayar da ta sha ƙasa ba, shi da yake ganin wayoyin da suka sha ƙasa tun safe har yamma.

Ya durƙusa ya jawo kwalin nan daga ƙarƙashin tebur.

"Kai, me za ka yi da bola?" in ji Maigida.

"Maigida, ara min awa ɗaya."

"Awa ɗayanka na sani. Akwai wayar malamar nan da za ta zo karɓa da la'asar."

"Na gama ta tun safe, tana cikin durowa."

Yana da wata waya ta gwaji da kullum take a buɗe, babu murfi. Ya tsince fasassun sikirin da suka yi daidai da ita, ya samu goma sha huɗu da har yanzu suna kawo haske. Ya riƙa maƙala su ɗaya bayan ɗaya, yana jan yatsa, yana ɗiga jan alƙalami a inda layi ya yanke. Baba Mai Wanki, wanda ya ce yana sauri, ya manta da saurin, ya matso da kujera yana miƙo masa na gaba.

Da suka gama Guguwa ya jera su a kan tebur. Biyu sun mutu a sama. Ɗaya a tsakiya. Uku lafiyarsu ƙalau, fashewar ido ce kawai. Takwas kuwa jan alƙalamin yana kusurwoyin ƙasa, biyar daga ciki a dama.

Maigida ya leƙo ta saman tabarau. "To ai da ka tambaye ni. Shekara ashirin ina ganin waya tana faɗuwa da gindi."

"Ni ma na sani, Maigida. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

"Laifi tudu ne," in ji Baba Mai Wanki, bai ƙarasa ba, don kowa ya san sauran.

Guguwa ya buɗe sharhin mutane a kwamfuta ya sake karantawa daga farko. Wannan karon ya karanta su daban. Babu wanda ya yi ƙarya. Wanda ya ce akuya ba ta jin magana, gaskiya ya faɗa tsantsa. Waɗanda suka ce a matso da katangu su ma ciwon gaske suke ji, maganin ne kawai ba su sani ba, shi kuma ya karɓi maganinsu ya sha ba tare da ya nemi inda ciwon yake ba.

"To sai in mayar da maɓallin sama," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Amma ga biyu nan sun mutu a sama. In na sa a tsakiya ya rufe akuyar."

"Dole sai da maɓalli biyu?" in ji Baba Mai Wanki.

"Tsalle biyu ne, Baba. Gajere da dogo."

"Ni dutsen guga ɗaya gare ni." Ya ɗauki wayarsa ya kwantar a kan cinya kamar riga. "In mayafi ne marar nauyi, taɓawa nake in ɗauke. In wandon makanike ne, sai in danna in ɗan jira. Ban taɓa neman dutse na biyu ba. Kuma ba na cewa sai a kusurwar tebur zan yi guga, duk inda ya yi min daidai nan nake dannawa."

Guguwa ya tsaya yana kallon hannun dattijon a kan wayar. Ya taɓa ya ɗauke. Ya danna ya jira.

"Baba," ya ce, "yau ba za ka biya kuɗin caja ba."

"Da ma ban yi niyya ba. Zare ka cire."

Ya yi aikin a wannan yammacin tsakanin masu kawo gyara, ya ƙarasa da safiyar Asabar kafin a buɗe shago. Ya cire maɓallan duka biyu. Duk inda mutum ya taɓa a fuskar waya, akuya za ta yi tsalle, in ya riƙe yatsa ta yi dogo. Ya mayar da katangun mataki na huɗu inda suke tun asali, da nisansu da wuyarsu. Sannan ya gwada a kan fasassun nan goma sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya. A na tara ya gano cewa in tsagi ya ratsa tsakiya, wani lokaci waya takan ɗauka an ɗaga yatsa alhali ba a ɗaga ba, sai dogon tsalle ya yanke a sama. Wannan ya ci masa awa biyu da kofin shayi uku. Da can da ya tashi ya fita yawo. Yau ya zauna har kujerar ta yi zafi.

Da azahar ya ratsa ta bayan layi ya shiga shagon wanki. Tururi ya cika wurin, riguna a rataye layi-layi. Ya sa sabon wasan a wayar Baba, ya miƙa masa, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Ya yi wa kansa alkawari ba zai ce uffan ba, ko da dattijon zai riƙe wayar a kife.

Baba ya goge hannu a tawul. Ya nemi maɓalli bai gani ba, ya ɗaga kai. Guguwa ya cije leɓe ya kalli silin. Baba ya taɓa tsakiyar sikirin don ya ga abin da zai faru, akuya ta yi tsalle. Ya yi ɗan gunaguni. A mataki na huɗu ta faɗi sau ɗaya, sau biyu. A na uku ya danna ya jira, irin na wandon makanike, akuya ta tashi sama da kunnenta karyayye yana kaɗawa, ta sauka a ɗaya katangar ta cafke wani zani.

"Ɓarauniya," in ji Baba cikin jin daɗi. "Ta dawo hayyacinta." Bai ɗaga kai ba. "Jeka, samari, kana tare min haske."

A shago Guguwa ya ɗora sabon wasan, sannan ya bi masu tauraro ɗaya yana ba su amsa. Ya fara rubuta dogon bayani, ya goge. A ƙarshe abu ɗaya ya rubuta wa kowa: "Gaskiyarka, ba ta jin magana. Laifina ne, na gyara. In ka sake gwadawa ka gaya min inda ta ƙi." Da ya zo kan wanda ya tambaya ko ya taɓa buga wasan, sai ya ƙara masa da cewa, "Na buga, amma ban buga a irin wayarka ba."

Mai sayen bola ya leƙo da buhunsa wajen la'asar. Maigida ya nuna masa kwalin da ƙafa, sannan ya ga goma sha huɗun nan an ware su a cikin wani kwalin takalmi, kowanne da lamba a bayansa.

"Waɗannan fa?"

"Ma'aikatana ne, Maigida," in ji Guguwa.

Maigida ya girgiza kai ya ce wa mai bola ya ɗauki sauran.

Da ya koma gida Yaya tana share ƙyallaye daga ƙarƙashin keke. Ta dube shi, ta dubi agogon bango.

"Yau Asabar," ta ce. "An yi jana'izar ko sai an jima?"

Ya zauna a kan buhun, ya ba ta labari tun daga zaren da ke cikin ramin caja har zuwa dutsen guga. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana saurare. Da ya zo wurin da akuya ta faɗi a hannunsa sau uku a gaban Maigida, sai da ta zauna don dariya.

"Tef ɗinka ne ya miƙe ke nan."

"Shi ne."

"Sake faɗa, ban ji ba. Keken nan ya kashe min kunne."

"Yaya, kin ji."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Taurarin suna nan biyu da rabi, ba su motsa ba tukuna. Amma mutumin da ya tambaya ko ya taɓa buga wasan ya dawo, ya mayar da tauraronsa ɗaya zuwa huɗu. Guguwa ya karanta mata a fili: "Yanzu tana ji. Na kai na shida. Saura tauraro ɗaya na riƙe, don kukan akuyar ya yi kama da na mace mai mura."

Yaya ta ajiye tsintsiya. "Mai mura?"

"Haka ya rubuta."

"Ba shi da kunne. Ka rubuta masa cewa bai san kukan akuya ba."

"Mutum ɗaya ne, Yaya. Ƙila ya ci ya ƙoshi ne. Bari mu jira mu ga ko za su kai uku."

Ta jefe shi da ƙullin ƙyalle, ya kauce. Sannan ta jawo wata takardar yankan riga daga ƙarƙashin almakashi, ta ɗauki fensir daga bayan kunne.

"Wancan mataki na goma da ka ce za ka yi tun bara, mai kare a tsakar gida. Wane irin kare kake so?"

Guguwa ya jawo buhun kusa da keken, ya gyara zama.

"Mai gajerun ƙafafu," ya ce. "Da faɗin kafaɗa irin na Baba Mai Wanki."